Wadda Ruwa Ya Dawo Da Ita

Duk wanda ya saba shiga layin 'yan kifi a kasuwar Gashuwa a shekarun baya ya san Ya Gumsu, ko bai san fuskarta ba ya san muryarta. Gajeriyar mace ce mai jiki, baƙa, mai faɗin goshi. Idan tana ciniki sai ka ɗauka faɗa take yi, idan kuma faɗan take yi sai mutane su taru suna dariya. Mahaifinta masunci ne, mutumin Bade, mahaifiyarta kuwa Babarbariya ce daga Nguru, don haka ta tashi da yare uku a baki, ta ƙara da ɗan Fulatancin da ta tsinta a kasuwa. Duk yaren da mai saye ya zo da shi, da shi za ta tsare shi har sai ya ɗauki kwalin banda.

Mijinta, Malam Dunoma, manomin shinkafa ne, mutum mai sanyin hali da ba ya son hayaniya. Idan ya dawo daga fadama sai ya zauna a kan tabarma, ita kuma ta ɗauko masa labarin kasuwa tun daga wanda ya fara buɗe rumfa har wanda ya rufe. Nasa dai murmushi ne da gyaɗa kai. 'Ya'yansu sun girma, mazan sun kama sana'a, babbar 'yarsu Saudatu tana ɗakin mijinta.

Ba ita kaɗai take sana'ar ba. Tana da abokiyar tafiya, Rahima, wata doguwar Bafulatana siririya da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya guda, Nuraini. Sun haura shekara ashirin suna tafiya tare zuwa tungayen masunta da ke bayan Dagona, su sayi tarwaɗa da karfasa, su zauna a yi banda a gabansu, su cika kwalaye su dawo. Rahima ba ta da yawan magana, amma da ta ɗaga kifi ta shinshina ta san ko wuta ta ratsa shi ko waje kawai ya bushe. Ita ke zaɓe, Gumsu ke ciniki. Kwano ɗaya suke ci, gidan sauro ɗaya suke shiga idan kwana ya kama su a tunga.

A shekarar da ruwa ya yi yawa har ya yanke hanyoyin ƙauyuka, sun je tunga kamar kullum, sai dai dawowar ba ta yiwu da mota ba. Suka shiga kwalekwale da wasu 'yan kasuwa bayan sallar azahar. Sun yi nisa, har an fara hango bishiyoyin gaɓa, iska ta taso. Mai tuƙi ya yi ƙoƙarin kaucewa tsakiyar ruwa, jirgin ya hau kan wani kututture da ruwa ya rufe, ya karkace, ya kife.

Gumsu 'yar masunci ce, ta iya ruwa tun tana yarinya. Rahima ba ta iya ba. Da Gumsu ta ɗago kai, ita ta fara nema, ta kuma samu ta damƙi wuyan hannunta. Ta ja ta, ruwa ya ja su duka biyun. Ta sha ruwa, ta ɗago, ta sake nutsewa, tana riƙe. Har yau ba za ta iya faɗin lokacin da hannun ya zame ba. Ta dai san ta tsinci kanta a cikin kacala, doguwar ciyawar nan da ta cinye fadamun yankin, ta rungume ta da hannu biyu, ruwa har wuya. A nan masunta suka same ta gab da faɗuwar rana. Gawar Rahima sai washegari aka gan ta, tare da ta wasu mutum biyu.

Jikin Gumsu bai samu wani rauni ba, in ban da yankan ciyawa a damatsa. Ta zauna zaman makoki a gidan Rahima, ba ta yi kuka ba, mata suna ta yaba tawakkalinta. Da aka share makoki aka sa ido a ga ta koma kasuwa. Ba ta koma ba.

Abin ya fara da ƙananan abubuwa. Aka shigo da miyar kifi daga maƙwabta, ƙamshin ya buge ta, ta ruga bayan ɗaki ta yi ta amai. Idan aka juye bokitin ruwa a randa sai jikinta ya kama rawa. Alwala ma da ɗan kofi take yi, a hankali, idonta a rufe. Sannan sai maganar ta ɗauke. Tana amsa gaisuwa, tana cewa i ko a'a, amma labari da tsokana da waƙe-waƙen da take yi idan tana tuƙa tuwo, duk babu. Abin da ya fi damun ta, wanda ba ta faɗa wa kowa ba a lokacin, shi ne idan aka kira sunanta. Mace za ta yi sallama ta ce, "Ya Gumsu tana ciki?" sai ta ji kamar ita ma ta waiwaya ta duba ko tana cikin.

An yi mata rubutu ta sha, an yi mata ruƙiyya. 'Ya'yanta suka kai ta asibiti, likita ya ce firgici ne ya zauna mata, ya ba ta ƙwayoyin da suka sa ta samu barci. Barcin ya taimaka, rawar jikin ta ragu. Amma masu zuwa dubiya kusan duk magana ɗaya suke yi.

"Ki daure, Ya Gumsu, ki dawo mana yadda kike. Kasuwa ta mutu babu ke."

Da kyakkyawar niyya suke faɗa, ta sani. Sai dai duk sanda ta ji haka sai ta ji kamar an zo gidan haya ana tambayar wadda ta tashi.

Wata rana da hantsi, bayan kaka ta wuce, Malam Dunoma yana gyaran lauje a tsakar gida, ita kuma tana tsince shinkafa. Shirun ya yi masa yawa. Ya ajiye laujen.

"Gumsu, har yaushe ke nan?"

Ba ta ɗago ba.

"Kowa ya san ƙaddara ce. Babu wanda ya ce laifinki ne. Nuraini ma da bakinta ta ce Allah ya saka miki. To mene ne ya rage? Ni fa Gumsu na aura, mai cika gida da surutu."

Ta ɗago ta dube shi, ba da fushi ba.

"To, Baban Saudatu, sai ka je ka nemo ta. Tana can wajen kacala. Ni da kake gani, fito da ni kawai aka yi."

Ya tsorata da maganar. Ya ɗauka ko aljanin ruwa ne ke magana da bakinta, ko kuma hankalinta ne ya fara taɓuwa. A ranar ya aika wa yayarta Kaltum da ke aure a Nguru.

Kaltum ta zo, ta kwana biyu tana kallon ƙanwarta, ba ta yi mata wa'azi ba. Ta dai ce wa Dunoma ya ba ta aronta. Suka hau mota. Duk inda hanya ta bi ta gefen ruwa sai Gumsu ta ja lafaya ta rufe fuska, sai da suka wuce Jajimaji sannan ta saki jiki.

A Nguru, Kaltum tana cikin matan da ke aikin zaɓen ƙaro a wani babban gida kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Ana zube musu buhuna, su zauna a inuwa su ware fari da ja, su cire ɓawon itace da tsakuwa. Bayan 'yan makonni Gumsu ta gaji da zaman ɗaki ta bi ta. A can ta samu wani sauƙi da ba ta zata ba. Matan ba su taɓa sanin ta ba. Ba wadda ta san ta da dariya balle ta yi kewarta. Sun ga dai wata dattijuwa mai shiru, mai saurin hannu, suka sa mata suna Goggo, ta kuwa amsa. Idan suna hira ta saurara. Ta gano cewa sauraro ma abu ne, kuma a da ba ta taɓa yin sa ba, don ita ce kullum mai magana. Yarinya za ta zauna kusa da ita ta yi ta faɗin matsalar gidanta, ta tashi tana cewa ta ji sanyi, alhali Goggo ba ta ce komai ba sai "Allah sarki."

Kaltum ce ta fara taɓo maganar, wata ranar Juma'a da babu aiki, suna zaune tana yi mata kitso.

"Dunoma ya gaya mini abin da kika ce masa. Wai ke ba Gumsu ba ce."

"Haka na ce."

"To ni yayar wa ce? Wa na goya a bayana har ta yi mini fitsari a zanen salla?"

Gumsu ta ɗan murmusa. "Ni ce."

"Kin tuna?"

"Na tuna komai, Yaya. Ban manta ko ɗaya ba. Na tuna ranar aurena, na tuna haihuwar Saudatu, na tuna yadda nake tsare mutum a kasuwa. Amma in na tuna, sai in ji kamar labarin wata mata aka ba ni, wata da na sani sosai. Ina kallon ta tana dariya, in ce oh, ita wannan ba ta san abin da ke jiran ta ba. Ita ta yarda duk abin da ta riƙe ba zai kuɓuce mata ba. Ni kuwa na san yana kuɓucewa. Ta yaya za mu zama mutum ɗaya?"

Kaltum ta ci gaba da kitso.

"Ni ba malama ba ce," ta ce. "Malamai sun ce rai ɗaya ne, shi aka busa miki, shi za a karɓa, shi za a tambaya."

"Wannan na yarda. Ranar tambaya ni za a tambaya, har abin da waccan ta yi. Ban ce zan gudu ba."

"To ga tawa tambayar. In Gumsu ta tafi da ruwa, wa ke jin zafin Rahima? Matan ƙaro ba sa ji, don ba su san ta ba. Baƙuwa ba ta jin zafin mutuwar wadda ba ta sani ba. Wannan da ke ci miki zuciya, ai na Gumsu ne."

Sai hawaye ya zubo wa Gumsu, na farko tun ranar da aka fito da ita. Kaltum ba ta rarrashe ta ba, ta dai saki kitson ta bar ta ta yi mai isarta.

Wannan kukan bai mayar da ita yadda take a da ba, kuma Kaltum ba ta sa rai zai mayar ba. Abin da ya canja shi ne ta daina cewa Gumsu ta mutu. Sai ta koma cewa, "Ni ce, amma ba duka na fito ba."

Malam Dunoma yakan zo duba ta lokaci zuwa lokaci. Da farko zaman nasu ba ya daɗi. Ya kawo shinkafa, ya tambayi jiki, ya zauna yana jiran ta fara labari kamar da, ita kuma ta san abin da yake jira, sai ta ƙara ƙanƙancewa. A wani zuwa, cikin bazara, ya tarar da ita a zaure tana shan shayi ba madara.

"Yaushe kika fara shan shayi? Ke da kike cewa ruwan zafi na marasa lafiya ne."

"Yanzu ina so."

Ya dubi kofin. Sannan ya ce, "Sai me kuma kike so yanzu?"

Ta dube shi don ta ga ko gatse ne. Ba gatse ba ne.

"Ina son zama inda ba hayaniya. Ina son a bar ƙofa a buɗe. Ba na son a zo mini ta baya ba sallama."

"To." Ya gyara zama. "Gumsu, na yi ta jiran wata, ke kuma kina zaune a gabana. Ban kyauta ba. Gaskiya ina kewar waccan, ba zan ɓoye miki ba. Amma ke ɗin nan ban san ki sosai ba, kuma ina so in san ki."

"Ni ma ina kewarta," ta ce.

Ranar shi ya yi labari. Mutumin da bai saba haɗa zance mai tsawo ba ya zauna yana gaya mata yadda tsuntsaye suka sauka a fadama, da wanda ya sayar da gonarsa, da rigimar da aka yi kan injin ban ruwa. Labarin nasa ba gishiri, yana yi yana mantuwa yana komawa baya, amma ta saurara har ƙarshe.

Ta kusa shekara biyu a Nguru lokacin da Nuraini ta zo. Yarinyar ta girma, ta yi tsawo kamar uwarta, har yadda take sunkuyar da kai idan za ta shiga ƙofa. Tun bayan makoki Gumsu take gudun haɗuwa da ita.

Bayan gaisuwa Nuraini ta ce an sa ranar aurenta bayan salla, da wani malamin makaranta a Gashuwa. Dangin mahaifinta sun tsaya mata, ba abin da ta rasa na kaya.

"Uwa ce ba ni da ita, Ya Gumsu. Ina so ke ki zauna mini."

Gumsu ta girgiza kai. "'Yata, wadda kike nema ba ta nan. Kin tuna bikin Saudatu, yadda na hana kowa zama, na yi guɗa har muryata ta dishe? Wannan ba zan iya ba. In na je zan zauna ne kamar kututture, in ɓata miki taro."

"Masu guɗa suna da yawa, ko haya ana yi. Ni ba guɗa na zo nema ba."

"To me?"

Nuraini ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta. "Inna ba ta magana, kin sani. Ni 'yarta ce amma ban san ta kamar yadda kika san ta ba. Ban san me ke ba ta dariya ba in kuna tunga. Ban san me ta ce a kaina ba. Duk duniya ke kaɗai kika sani." Ta ɗan dakata. "Kuma ke ce kika riƙe ta a ƙarshe. Masuntan sun gaya mini sun ga shaidar farcenki a hannunta."

Gumsu ta rufe ido. Wannan ce maganar da ta fi tsoro, sai ga shi yarinyar ta faɗe ta da godiya.

"Ban iya riƙe ta ba, Nuraini."

"Kin riƙe. Ruwa ne ya fi ki ƙarfi. Ni dai na san ba ita kaɗai ba ce a wurin, kuma wannan ne ke sa ni barci."

Ta je bikin. Ba ta yi guɗa ba, ba ta shiga fili ba. Ranar lalle ta zauna a ɗaki kusa da amarya, hannun Nuraini a kan cinyarta ana zana mata, tana ba ta labarin uwarta da ƙaramar murya. Ta gaya mata yadda Rahima ke tsoron kwaɗi fiye da maciji, da ranar da wani ɗan kasuwa ya zo neman aurenta a tunga ta ɓuya a bayan tarin itacen banda har hayaƙi ya sa ta tari ya tona ta. Ta gaya mata cewa duk tafiya sai Rahima ta ware kifi mafi kyau ta ce na Nuraini ne, ba na sayarwa ba. Amarya tana dariya tana kuka, mai lalle tana faɗan a daina motsi. Matan Gashuwa da suka leƙo suna cewa Ya Gumsu ta canja, ta ji su, ta ce musu, "Ƙwarai kuwa," ta ci gaba da labarinta.

Bayan bikin ba ta koma Nguru da zama ba, ta tare a ɗakinta. Kasuwar kifi dai ta bar ta har abada, rumfar ma ta ba wata 'yar ƙanenta. Yanzu turaren wuta take haɗawa a gida, sana'ar da ta koya wurin Kaltum, mata na zuwa saye. Har yau ba ta cin kifi, ba ta zuwa bakin kogi, kuma idan damina ta yi nisa takan tafi Nguru ta yi wata guda wurin yayarta. Akwai ranakun da take tashi da nauyi, ta ce wa Dunoma yau a bar ta, shi kuma ya ja mata ƙofa rabi ya fita. Jikokinta ƙanana ba su san wata Gumsu ba sai wannan. Idan aka ba su labarin kakarsu mai tayar da kasuwa, sai su ɗauka tsokana ce.

A daminar da ta wuce, wani jirgi ya sake kifewa a wani ƙauye na gabas da gari. Cikin waɗanda suka tsira har da wata matashiya da ta rasa goyonta, aka kawo ta gidan iyayenta a unguwar su Gumsu. Labari ya zo cewa ba ta ci, ba ta magana, ba ta ko kuka. Gumsu ta yafa lafaya ta tafi, ba wanda ya aike ta.

Ta tarar da ɗakin cike da mata, kowa na faɗin tasa. Ta roƙi uwar yarinyar su fito tsakar gida.

"Ku rage mata mutane," ta ce. "Ku kai ta asibiti, maganin barci yana taimako. In za ku zuba ruwa, ku yi nesa da ɗakinta. Kuma don Allah kada kowa ya ce mata ta dawo yadda take."

"To me za mu ce mata, Ya Gumsu?"

"Ku tambaye ta me take so. In ba ta amsa ba, ku sake tambaya wani makon."

"Za ta warke kuwa?"

Gumsu ta yi ɗan tunani, don ba ta son ta yi mata ƙarya.

"Za ta ci abinci, za ta yi barci, wata rana ma za ta yi dariya. Sauran kuma sai ku jira ku ga wadda za ta zama."

Da matan suka watse ta shiga ɗakin, ta yi sallama a hankali, ta zauna a gefen tabarma inda yarinyar za ta iya ganin ta. Ba ta ce mata ta yi haƙuri ba. Suka zauna haka har aka kira la'asar. Da ta miƙe za ta tafi, yarinyar ta ɗago kai a karo na farko.

"Gobe za ki zo?"

"In Allah ya kai mu," in ji Gumsu. "Da hantsi, in na gama turare."